Tsohon Kakakin Gwamnati, Kana Son Rubuta Littafi? Ga Abin Yi

Ka yi shekaru kana magana da yawun maigida. Mulki ya ƙare, 'yan jarida sun daina kiranka da tsakar dare, yanzu kana son rubuta abin da idonka ya gani. Madalla, ƙanena. Bari mu tsara aikin.

1. Gobe da safe ka tattaro kayanka: tsofaffin sanarwa, dayari, saƙonnin WhatsApp, hotuna. Jera su bisa kwanan wata. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai.

2. Zaɓi lokacin da ya fi zafi, ka daɗe a kai. Olusegun Adeniyi, kakakin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya fitar da Power, Politics and Death a 2011. Abin da ya ja masu karatu shi ne watannin jinya: tafiya Saudiyya a Nuwamba 2009, dawowa cikin dare a Fabrairu 2010, da dambarwar miƙa mulki ga mataimakinsa Jonathan. Babu mai cire kuɗinsa don ya karanta jerin titunan da oga ya shimfiɗa.

3. Abin da ka gaya wa jama'a alhali ka san ba haka yake ba, rubuta shi da hannunka kafin wani ya tona. A 2017 Garba Shehu, kakakin Buhari a lokacin, ya ce ɓeraye sun yi ɓarna a ofishin shugaban. A littafinsa na 2025 ya amsa cewa shirya zancen aka yi don a kawar da hankalin mutane daga maganar lafiyar shugaban. Ya sha suka, gaskiya ne, amma daga bakinsa aka ji.

4. Ba wa wani tsohon edita ya bi maka sunaye da shekaru ɗaya bayan ɗaya. Sean Spicer, kakakin Trump na farko, ya kira tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya Christopher Steele da suna Michael Steele a littafinsa The Briefing na 2018. Masu sharhi suka yi ta yi masa dariya. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa a daina yarda da sauran shafukan.

5. Kai wa lauya ya duba, saboda ɓata suna da dokar sirrin gwamnati. Sirrin iyalin maigida kuwa amana ce, ka bar shi a cikinka.

6. Shirya amsar tambayar da ba makawa sai an yi maka: me ya hana ka magana kana kan kujera? Da ita tsofaffin abokan aiki suka tare Scott McClellan, tsohon kakakin Bush, a 2008, bayan a littafinsa ya soki yadda gwamnatin Bush ta tallata yaƙin Iraƙi. Rubuta taka amsar a layi uku, ka haddace.

7. Idan sharhi mai zafi ya fito, kada ka mayar da martani a Facebook a ranar. Ka kwana tukuna. Inda mai sukan ya yi gaskiya, ka yi masa godiya, ka gyara a bugu na biyu. Inda zagi ne kawai, ka bar shi da abinsa.