Itacen Roba Na Ado: Yadda Ake Samun Sabon Tsiro Daga Reshe

Gabatarwa

A barandar ofisoshi da otel-otel da wasu gidajen birane akan ga wani tsiro cikin tukunya, mai faffaɗan ganye mai kauri, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Shi ne itacen roba na ado, wanda masana ilmin tsirrai ke kira Ficus elastica. Mutane da dama sukan so su mallaki nasu, sai su tsinko ganye ɗaya su tsoma a kwalbar ruwa. Bayan 'yan makonni ganyen kan fid da saiwa, mai shi ya yi murna. Amma a yi wata shida, a yi shekara, babu toho babu alamarsa. Wasu kuwa sukan sari reshe mai ganye da yawa su kafa a ƙasa, kafin mako biyu ya yanƙwane ya bushe. Wannan darasi zai bayyana dalilin waɗannan asarori biyu, da kuma hanyoyin kauce musu.

Asalin Itacen

Asalin wannan itace shi ne dazuzzukan arewa maso gabashin Indiya, da Nefal, da Bama, har zuwa Malesiya da Indunusiya. A can yakan kai tsawon mita 30 zuwa 40, yana kuma sako saiwoyi daga rassansa su sauko ƙasa. A jihar Meghalaya ta Indiya, al'ummar Khasi kan ja waɗannan saiwoyi su tsallakar da su rafi, su yi ta saƙa su shekara da shekaru har su zama gada mai rai.

A da can an tatsi danƙonsa an yi roba da shi, abin da ya jawo masa wannan suna ke nan. Amma a shekarar 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irin wani itacen roba na daban, wato Hevea brasiliensis, kimanin ƙwaya 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew da ke Landan. Wannan itace na biyu shi ne ya mamaye cinikin roba a duniya, shi ne kuma ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Na farkon sai ya koma abin ado.

Itacen ba baƙo ba ne ƙwarai ga ƙasar Hausa, domin dangi ɗaya suke da ɓaure da gamji da ceɗiya da durumi. Duk wanda ya taɓa sarar gamji ya ga farin danƙo irin nasa.

Me Ya Sa Ba A Shuka Irinsa?

Furannin dangin ɓaure a ɓoye suke cikin ɗan itacen. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ne ke kutsawa ta wata 'yar kafa, ya shigar da garin fure, ya kuma saka ƙwansa a ciki. Su ne ƙwarin da ake tararwa idan an ɓare ɓaure. Dangin ɓaure sun haura nau'i 750, kuma galibinsu kowane da nasa ƙwaron. Ƙwaron itacen roba yana can Asiya, saboda haka ko da itacen ya yi 'ya'ya a Afirka ko Turai, ba a samun iri mai tsira a cikinsu. Dole ke nan a koma ga reshe, kamar yadda manomi ke yi da rogo da rake.

Abubuwa Biyu Da Reshe Ke Bukata

Abu na farko shi ne ido. A kowace gaɓa, daidai inda ganye ya haɗu da kara, akwai ɗan ido irin na rake. Daga nan kaɗai sabon toho ke fitowa a wannan itace. Ganyen da aka tsinko ba tare da guntun kara ba ba shi da ido. Yana iya yin saiwa ya rayu tsawon lokaci, amma ba zai zama itace ba.

Abu na biyu shi ne ruwa. Ganye yana fitar da ruwa koyaushe ta wasu ƙananan ƙofofi da ke ƙarƙashinsa. Da zarar an yanke reshe, ya rabu da saiwar da ke shayar da shi, alhali ganyen bai daina zubar da ruwa ba. Wato tsere ake yi tsakanin bushewa da fitar saiwa. Masu dashen ceɗiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan jira damina, su kuma rage wa reshen ganye kafin su kafa shi.

Abin da ke sa saiwa fita kuwa wani sinadari ne mai suna oksin. Kan reshe da sababbin ganye ne ke yin sa, yana kuma gangarowa ƙasa ya taru a wurin yanka. A 1934 masana biyu, Kenneth Thimann da Frits Went, suka nuna cewa shi ne ke tsirar da saiwa a jikin yankakken reshe. Tunda ƙasa yake gangarowa, wajibi ne a kula kada a dasa reshe a kife.

Hanya Ta Farko: Yankan Reshe

Sai a zaɓi reshe lafiyayye, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba. A sa sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi da tsabta, a yanko santimita 10 zuwa 15 mai gaɓa biyu ko uku. Yankan ya kasance dab da ƙarƙashin gaɓa. Daga nan a ɗauraye danƙon da ruwa har ya tsaya. A cire ganyen ƙasa, a bar ɗaya a sama, a naɗe shi kamar tabarma, ɓangare mai sheƙi yana waje, a ɗaure da zare. Yin haka na rufe ƙofofin da ruwa ke fita.

A cika tukunya mai huji a gindi da yashin rafi wankakke, gauraye da tsohuwar dusar katako, rabi da rabi. Ƙasa mai laka ba ta dace ba, domin tana riƙe ruwa ta ruɓar da reshen. A binne gaɓa ɗaya, a yayyafa ruwa, a kifa farar leda a kai domin ta tsare danshi. A ajiye a inuwa mai haske. Idan rana ta bugi ledar, zafi zai dafa reshen. Zafin da ya fi dacewa shi ne digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Don haka damina ta fi bazara da hunturu dacewa da wannan aiki. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 8.

Hanya Ta Biyu: Tsirar Da Saiwa A Jikin Uwa

Wannan hanya ta fi tabbas, domin ba a raba reshe da uwarsa sai ya yi saiwa. A zaɓi reshe mai kaurin yatsa. Kimanin santimita 30 daga kansa, a zagaye ɓawon da yanka biyu, tsakaninsu santimita 2 zuwa 3, a ɓare ɓawon da ke tsakani. Sa'an nan a kankare santsin da ya rage a jikin itacen. A dunƙula jiƙaƙƙiyar dusar katako ko zaren ɓawon kwakwa, a matse ruwan, a lulluɓe wurin, a naɗe da leda, a ɗaure sama da ƙasa tamau.

Abin lura a nan shi ne, hanyoyi iri biyu ne a cikin kara. Na ruwa, waɗanda ake kira zailam, suna can cikin itacen, suna kai ruwa sama. Na abinci, wato fulowam, suna jikin ɓawo, suna sauko da sukarin da ganye ya haɗa. Ɓare ɓawo ya datse hanyar abinci, amma bai taɓa ta ruwa ba. Saboda haka reshen na ci gaba da sha, yayin da sukari da oksin ke taruwa a saman yankan har saiwa ta ɓullo. Santsin nan da aka kankare shi ne kambiyam; in an bar shi, zai gina sabon ɓawo ya dinke raunin, aikin ya tashi a banza.

Bayan wata biyu zuwa uku, idan an hango saiwoyi sun yawaita ta cikin ledar, sai a yanke reshen daga ƙasansu, a kwance ledar a hankali, a dasa a tukunya, a bar shi a inuwa mako biyu. Ita kuma uwar za ta fid da sababbin rassa daga idanun da ke ƙasan yankan.

Gargaɗi

Danƙon itacen yana sa ƙaiƙayi a fata, yana kuma da raɗaɗi a ido. A sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kada a bar ƙananan yara ko kyanwa su tauna ganyen. Wanda jikinsa ba ya jituwa da kayan roba ya nisanci aikin.

Aikin Gwaji Domin Aji

Gani ya kori ji. Malami na iya sa ɗalibai su shirya tukwane uku: ta farko ganye kaɗai a rufe da leda, ta biyu ganye da guntun kara mai ido a rufe da leda, ta uku kamar ta biyu amma a buɗe. Su riƙa dubawa kowane mako har mako 12, suna rubuta abin da suka gani, sa'an nan su amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wace tukunya ce ta fid da toho, kuma me ya sa?
2. Mene ne amfanin ledar?
3. Me ya sa itacen da aka zagaye gindinsa aka ɓare ɓawo kan mutu, alhali reshen da aka yi wa haka yana rayuwa?

Kammalawa

Tambaya ta uku ta wuce batun tukunyar ado. Saiwar itace ba ta haɗa abinci, ganye take jira ya aiko mata ta cikin ɓawo. Ɗalibin da ya gane wannan ya san abin da ke kashe maɗaci idan masu neman magani suka saɓule masa ɓawo har ya zagaye, ya kuma san yadda zai sami sabon itacen inuwa daga reshe guda.