Shawarwari Bakwai Ga Mai Son Komawa Aikin Tsaron Intanet

Malamin makaranta, ma'aikacin banki, har mai gyaran waya, da yawa na tunanin komawa wannan fanni. Kafin ka kwashe kuɗin cefane ka zuba wa wani kwas, duba waɗannan.

1. Ɗanɗana kyauta kafin ka biya ko sisi. Cisco Networking Academy na da darasin share fage kan tsaron intanet wanda ba a biyan komai, TryHackMe ma darussansa na farko kyauta ne. Ka ba su wata guda, awa ɗaya kullum bayan isha'i. In ka ga gyangyaɗi kake yi a kai, ka tsira da kuɗinka.

2. Ajiye zancen kutse tukuna. Kowa so yake ya zama gwanin kutse cikin mako biyu, alhali aikin farko da yawanci ake samu shi ne zaman sa ido kan ƙararrawar tsaro a na'urorin kamfani, wani lokaci har da aikin dare. Ka fara da sanin yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo, mene ne adireshin IP da DNS, sannan ka saba da Linux. Manhajar Network+ ko CCNA za ta shimfiɗa maka wannan tushe.

3. Tsohon aikinka jari ne, kada ka yar da shi. Wanda ya yi aikin banki ko binciken kuɗi ya riga ya san hanyoyin 'yan damfara, sai ya nufi ɓangaren bin ƙa'ida da auna haɗari. Lauya ko jami'in mulki ya duba Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a naɗa jami'in kare bayanai. Malami kuwa, ai ana neman mai koya wa ma'aikata gane saƙon yaudara, kuma ba kowane gwanin kwamfuta ne ya iya bayani ba.

4. In kana da digiri, kada ka koma aji ɗaya. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Bayero ta Kano suna koyar da fannin, kuma hanya ce mai kyau ga matashin da bai da digiri ko mai hangen aikin gwamnati. Amma magidanci mai iyali, shekara huɗu ko biyar ba wasa ba ce.

5. Takardar shaida ɗaya ta isa da farko. Security+ ta CompTIA ce aka fi nema a wajen sabon shiga, sai dai kuɗin jarrabawarta ya haura dala 400, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta ta, don haka kada ka zauna mata sai ka shirya sosai. CC ta ISC2 ta fi araha, ba ta kuma neman ka taɓa aiki. CISSP kuwa sai da gogewar shekara 5, ka bar ta zuwa gaba.

6. Haɗa wurin gwaji a ɗakinka. Kwamfutar cinya ta hannu mai RAM 8GB ta wadatar: sa mata VirtualBox da Kali Linux, duka kyauta, ka sauke su da datar dare mai rahusa. A kan na'urarka kaɗai za ka yi gwaji, domin shiga na'urar wani ba izini laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015, ko da niyyarka koyo ce.

7. Mai ce maka aiki na jiran ka bayan wata uku, ka sa masa alamar tambaya. Nemi ya haɗa ka da ɗalibansa biyu da suka gama, ka ji daga bakinsu inda suke aiki yanzu. Ka kuma leƙa shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, tsaron intanet na cikin abin da yake koyarwa kyauta. Aikin da ke hannunka kuwa ka riƙe shi har takardar ɗaukar sabon ta zo, ku kuma zauna da uwargida ku yanke nawa za a riƙa warewa duk wata don data da jarrabawa.