Gwajin Ƙarfin Kayan Wasan Tafiya a Kan Igiya: Darasi da Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

Wata ranar Asabar na yi wanki a bayan ɗakin kwananmu, sai na ga igiyar shanya ta saki tana lilo. Na kwance ta, na ɗame ta iya ƙarfina har ta miƙe sambal kamar tsirkiyar baka. Ina ɗora jiƙaƙƙen bargo a tsakiyarta ta tsinke, kayan duka suka zube cikin taɓo. Na yi ta faɗa cewa an sayar mini da ruɓaɓɓiyar igiya. Wani abokina mai karatun injiniya ya ce laifin ba na igiya ba ne, nawa ne, domin da na bar ta da ɗan lotsawarta, da ta ɗauki bargon lafiya lau. Ban yarda ba sai da ya zana mini lissafin a takarda.

Wannan lissafi ya dawo mini a rai ranar da na kalli bidiyon Jaan Roose, mutumin ƙasar Estoniya, wanda a watan Yuli na 2024 ya taka igiya mai tsawon mita 3,646 da aka ɗaura a kan mashigin tekun Messina, tsakanin tsibirin Sisili da ɓangaren ƙasar Italiya. Saura kimanin mita 80 ya isa, sai ƙafarsa ta zame ya faɗi. Bai mutu ba, domin akwai wata gajeriyar igiya da ta riƙe shi. Ya sake hawa ya ƙarasa tafiyarsa. Ni asarar wanki na yi, shi kuwa ransa ne a rataye. Tambayar ita ce, ta yaya aka san kayan za su riƙe shi tun kafin ya hau?

Manufar wannan ɗan rubutu biyu ce. Ta farko, bayanin yadda ake gwada ƙarfin kayan wannan wasa. Ta biyu, wadda ta fi shafarmu mu ɗaliban harshe, ita ce nuna yadda za a yi bayanin fannin da baƙo ne ga Bahaushe da kalmomin da ke cikin rumbunsa.

2.0 Asalin Wasan

Wasan ya samo asali ne a Amurka, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, a hannun masu hawan duwatsu. Ana danganta shi da Adam Grosowsky da Jeff Ellington, waɗanda suka riƙa ɗaura faffaɗar igiyar hawan dutse tsakanin itatuwa suna takawa, har abin ya yaɗu a kwarin Yosemite da ke jihar Kalifoniya. Ya bambanta da tafiyar da 'yan wasan nishaɗi ke yi a kan wayar ƙarfe, domin wannan igiya tana da faɗi, galibi milimita 25, kuma tana miƙewa, tana lilo. Idan an ɗaura ta kusa da ƙasa ana kiranta silaklayin, idan kuwa an kai ta can sama tsakanin duwatsu ko gine-gine, sai a ce hailayin. A 1985 Scott Balcom ya ƙetare wadda aka ɗaura zuwa tsaunin Lost Arrow Spire a Yosemite. A 2015 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ISA, kuma ita ke fitar da ƙa'idojin ingancin kayan.

3.0 Kalmomin da Na Zaɓa

Kafin in shiga bayani, ga kalmomin da zan yi amfani da su. Yawancinsu daga wajen makiyaya na aro su, domin su ne suka fi kowa sanin ɗauri.

Turke: wurin da aka kafe ƙarshen igiya, ko itace ne ko ƙusoshin da aka dasa a dutse.
Uwar igiya: wadda ake takawa. Saƙarta kamar ta bel ɗin kujerar mota take.
Igiyar ko-ta-kwana: ta biyu da ke rataye a ƙarƙashin uwar igiya, ba ta ɗauke da nauyi sai in ta farko ta tsinke.
Ɗamara: abin da mai tafiya ke ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi.
Talala: gajeriyar igiyar da ta haɗa ɗamara da zoben da ke zamewa a jikin igiyoyin biyu. Na zaɓi wannan kalma ne domin dabbar da aka yi wa talala tana yawo, amma ba ta wuce iyaka.
Ƙugiya mai ƙofa: maƙalin da masu hawan dutse ke kira karabina.
Ƙarfin ja: abin da igiya ke ji a jikinta idan an ɗame ta.

Ana auna ƙarfin ja da kiloniyuton, ana rubuta shi kN. Domin sauƙin fahimta, kN 1 ya yi daidai da nauyin kusan kilo 100 a rataye.

4.0 Me Ya Sa Ɗamammiyar Igiya Ta Fi Haɗari?

Ga lissafin da abokina ya nuna mini. Idan mutum ya tsaya a tsakiyar igiya, ƙarfin jan da take ji ya yi kusan daidai da nauyinsa sau tsawon igiyar, a raba da lotsawarta sau huɗu. Alal misali, mutum mai kilo 70 nauyinsa kusan kN 0.7 ne. Idan igiyar mita 20 ce, kuma ta lotsa mita 1 a ƙarƙashinsa, ƙarfin ja zai zama 0.7 sau 20, a raba da 4, wato kN 3.5. Idan aka ƙara ɗame ta har lotsawar ta koma rabin mita, ƙarfin ja zai ninka ya zama kN 7. Ke nan mutum mai kilo 70 ya sa turke yana jin kamar an rataya masa kilo 700. Wannan shi ne abin da ya cinye igiyar shanyata.

Haka kuma kusurwar ɗauri a wajen turke tana da nata tasiri. Idan an raba nauyi tsakanin ƙusa biyu da igiyoyi masu siffar baki buɗe, to gwargwadon buɗewar bakin, gwargwadon wahalar kowace ƙusa. A digiri 60 kowace tana ɗaukar kusan kashi 58 cikin ɗari na nauyin, a digiri 90 kusan kashi 71, a digiri 120 kuwa kowace tana ɗaukar nauyin gaba ɗaya, rabon ya tashi a banza ke nan.

Duk wannan lissafin mutum a tsaye ne. Idan ya faɗi talala ta fizge shi, ƙarfin yana tashi farat ɗaya ya zarce haka, musamman a gajeriyar igiya wadda ba ta da tsawon da za ta miƙe ta shanye fizgar.

5.0 Yadda Ake Gwaji

Ba a sanin ƙarfin kaya da kallo, sai an lalata shi. Akwai hanyoyi uku da aka fi bi.

Ta farko ita ce ja har tsinkewa. Ana kafe abin a cikin na'ura mai aiki irin na jak ɗin mota, a haɗa ta da ma'aunin ja, a riƙa ja a hankali har ya tsinke. Ana rubuta adadin da ya kai, ana kuma duba inda ya tsinke: a ɗinki ne, ko a ƙulli, ko a inda ya lanƙwasa a jikin ƙarfe. Sanin wurin yana da amfani kamar sanin adadin.

Ta biyu ita ce gwajin faɗuwa. Ana sakin wani nauyi daga sama domin a kwaikwayi mutumin da ya faɗi, a auna ƙololuwar fizgar da ta isa ga turke da kuma talala.

Ta uku ita ce gwajin maimaici. Ana ja a saki, a ja a saki, sau dubbai, da ƙarfin da bai kai na tsinkewa ba. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙarwa har ta karye a hannunsa ya san abin da ake kira gajiyar ƙarfe.

Gwaji ɗaya ba ya isa, domin ko kayan da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa tsinkewa a adadi ɗaya. Saboda haka kamfanoni da dama suna gwada samfura masu yawa, su fitar da matsakaici, sannan su cire ma'aunin bambancin da ke tsakaninsu sau uku. A ƙaddara matsakaicin kN 30 ne, ma'aunin bambancin kuma kN 1, to abin da za a rubuta a jikin kayan shi ne kN 27. Ban da kamfanoni, akwai masu zaman kansu irin su Ryan Jenks, mai tashar HowNOT2 a YouTube, wanda ya shahara da tsinka kaya a gaban kyamara domin kowa ya ga sakamakon.

6.0 Adadin da Aka Rubuta Ba Shi Ne Na Aiki Ba

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Adadin da ke jikin kaya na tsinkewa ne, kuma na sabon kaya ne a ɗakin gwaji. Wanda ake aiki da shi dole ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Tazarar da ke tsakaninsu ita na kira rarar ƙarfi. Idan an ɗauki rarar biyar bisa ɗaya, igiya mai kN 30 ba za a ɗora mata fiye da kN 6 ba. Ga abubuwan da ke cin wannan rara:

Ƙulli. Yana lanƙwasa zare ya matse shi, yana iya rage ƙarfin igiya da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabi. Shi ya sa ba a ƙulla uwar igiya, sai dai a ɗinke bakinta ko a naɗe ta a wani maƙulli na musamman.

Alkiblar ja. Ƙa'idar Turai ta EN 12275 ta tanadi cewa ƙugiya mai ƙofa ta yau da kullum ta jure aƙalla kN 20 idan an ja ta a tsaye ƙofa a rufe, amma kN 7 kawai idan an ja ta a gicciye. Ƙugiya ɗaya ce, juyawa kawai ta yi, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinta ya tafi. Bugu da ƙari, ta alminiyon ba ta jure maimaicin ja, don haka ba a yarda a sa ta a turken hailayin ba. Ana amfani da maƙalai na baƙin ƙarfe ko na zare mai ƙarfi.

Guga. Ɗamammiyar igiya da ke gogar kaifin dutse tana yankewa da wuri, don haka ake naɗe duk inda za ta taɓa dutse da mayani mai kauri.

Rana da zafi da sinadari. Hasken rana yana cin zaren nailan da na foliyesta a hankali. Ruwan batir yana lalata nailan, wani lokaci ba tare da ido ya gani ba. Zaren Dyneema ya fi su ƙarfi idan aka kwatanta da nauyinsa, amma yana narkewa a kusan digiri 145 na ma'aunin Salshiyos, alhali nailan sai ya haura 200.

Tsufa. A watan Oktoba na 2006 shahararren mai hawan dutse Todd Skinner ya rasu a Yosemite, lokacin da madaukin gaban ɗamararsa ya tsinke yana saukowa daga tsaunin Leaning Tower. Madaukin ya riga ya cinye saboda yawan aiki. Ba a kan hailayin yake ba, amma irin ɗamarar ce masu hailayin ke ɗaurawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

7.0 Ƙa'idar Biyu-biyu

Tun da an san kowane kaya yana iya cin amanar mai shi, babbar ƙa'idar hailayin ita ce kada rai ya rataya a kan abu ɗaya. Uwar igiya tana da ta ko-ta-kwana, turke yana da mataimaki, zoben talala kuma yana zagaye igiyoyin biyu ne, ba ɗaya ba. Ko a silaklayin na kusa da ƙasa ana ɗaure ƙarfen ɗamewa da wata igiya daban a jikin itace, domin in wani abu ya ɓalle kada ya yi tsalle kamar dutsen majajjawa ya sami mutum.

Duk da haka akwai abin da na'ura ba ta iya gwadawa, wato mantuwar ɗan Adam. An yi asarar rayuka a wannan wasa ba don kaya sun tsinke ba, sai don mai tafiya ya hau bai ɗaura talalarsa ba, ko ya fara ƙullin bai ƙarasa ba. Shi ya sa al'adarsu ita ce kafin kowa ya hau, sai wani ya duba ɗamararsa da ƙullinsa da ido da hannu, komai ƙwarewarsa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ɗame igiya yana ƙara mata wahala, adadin da ke jikin kaya na tsinkewa ne ba na aiki ba, kuma ƙulli da guga da rana da tsufa suna rage shi kullum. Wannan rubutu bai isa ya koya wa kowa ɗaura hailayin ba. Wannan sai a gaban ƙwararre, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Darasin da ya rage namu ne. Mai fassara takardar gargaɗi da ya rubuta "ƙarfin igiya" kurum, bai bambance na tsinkewa da na aiki ba, yana iya jawo mutuwar wanda ya karanta ya yarda da shi. Don haka ga jinga ga 'yan uwana ɗalibai: na farko, a lissafa ƙarfin ja idan mutum mai kilo 70 ya tsaya a tsakiyar igiya mai mita 40 ta lotsa mita 2. Na biyu, a duba kalmomin nan bakwai da na zaɓa, a faɗi wadda ba ta zauna daidai ba, a kawo wadda ta fi ta tare da hujja. Ni kaina har yanzu "ƙugiya mai ƙofa" ba ta gama kwanta mini ba, zan yi murna in ji ta bakinku a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.