Wasiƙa Ga Matasan Kumbotso Masu Kwana A Gaban Kwamfuta



Ƙannena da 'ya'yana,

Wannan takarda taku ce, ku da kuke neman abinci da kwamfuta daga Panshekara zuwa Mariri, daga Na'ibawa zuwa Chiranchi: masu rubuta manhaja, masu kula da na'urorin bankuna da na masana'antun Challawa, masu zanen shafukan intanet, masu tsaron cibiyoyin jarrabawar JAMB, har da waɗanda ke zaune a ɗakin soro suna yi wa Turawan da ba su taɓa gani ba aiki. Na riga ku shiga wannan sana'a, na ci arzikinta, ba ni da bakin kushe ta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin wasunku a sahun Asuba idanu jawur, ba farkawa suka yi ba, kwanciyar ce ba su kai ga yi ba tukuna. Wasu kuma an daina ganinsu a sahun ma baki ɗaya.

Maganata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Aikin kwamfuta ba shi da faɗuwar rana. In ba ku yanka masa lokacin tashi da kanku ba, babu wanda zai yanka muku.

Da yawanku jikokin manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ne, don haka bari in ja ku gona. An gina dam ɗin Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, tun daga nan ruwa ke gangarowa ta babbar kanal zuwa gonakin Kadawa dare da rana. Amma injiniyoyin da suka tsara aikin ba su ce manomi ya tsaya da fatanya a bakin kanal har gari ya waye ba. Sai suka haƙa tafkunan ajiya a tsakanin gonakin, ruwan da ya iso cikin dare ya taru a ciki, da safe a buɗe ƙofa a yi ban ruwa. Sun san ruwa ba ya barci, mai ban ruwa kuwa dole ya yi. Saƙonnin aikinku haka suke kwarara, ba dare ba rana, sai dai ku ba wanda ya haƙa muku tafki. Saƙon da ya shigo ƙarfe ɗaya na dare yana iya jira a waya har safiya, in kun bar shi ya jira.

Na san za ku ce ban san halin da ake ciki ba. Na sani. Wanda ya samu aiki da kamfanin Kalifoniya, ƙarfe tara na safensu shi ne biyar ko shida na yammanmu, lokacin tashinsu kuma ɗaya ko biyu na darenmu ne. Wanda ke aiki a gida kuwa wuta ce ke tsara masa yini. Abin takaici, babbar tashar da ke karɓo wutar Kano daga layin ƙasa a nan Kumbotso take, amma ɗan Kumbotso kan zauna ya ƙura wa kwan lantarki ido yana jiran tsakar dare. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, da yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda a cikin duhu. Janareta kuma, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ya zama sai ta kama dole ake tayar da shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da nake gani shi ne, yaro ya kwana yana aiki saboda wuta, da rana kuma maimakon ya rama barcin sai ya sake karɓar wani aikin. Wannan ba laifin kamfanin wuta na KEDCO ba ne.

Sai kuma maigida. Yadda abin ke farawa ba ya taɓa canzawa. Bayan Isha'i waya ta yi ƙara: "Na ga kana kan layi, don Allah ɗan duba mana wannan, minti biyar ne." Kai kuma ga kunya, ga ladabin da aka tarbiyyantar da kai a kai, ga tsoron cewa akwai matasa ɗari a bakin ƙofa masu jiran kujerarka. Ka duba. Minti biyar ya zama awa uku. Gobe ba za a ce don Allah ba, jibi kuma in ba ka ɗauka ba sai a ce ka fara girman kai. Na yi aiki a wani wuri da ake kirari ga duk wanda ya kwana a ofis, har ana nuna shi a taro a ce ga jarumi. Jarumin namu bai cika shekara arba'in ba hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. An je dubiya, an kai lemo da ayaba, kafin wata ya zagayo an ɗauki wani a madadinsa. Ba mugunta ce ta sa suka yi haka ba, kamfani ne, dole aiki ya ci gaba. Matarsa da 'ya'yansa ne ba su da wanda za su ɗauka a madadi.

Kada ku ce tsoratarwar tsofaffi ce. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda tsawon lokacin aiki. Sun ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Ku ɗauki biro ku lissafa naku makon, har da Asabar da Lahadin da kuke cewa "ɗan leƙawa kawai na yi". Da yawanku sun wuce 55 tun ranar Alhamis.

Kafin jiki ya faɗi, zuciya ce ke fara gajiya, kuma wannan ne ya fi wuyar ganewa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali a kundinta a matsayin abin da wahalar aiki ke haifarwa, ta ba shi alamomi uku. Gajiyar da barci ba ya kore ta. Aikin da a da kake ɗokinsa ya fice maka daga rai, ƙarar waya kawai ta sa gabanka ya faɗi, abokin ciniki ya zame maka abokin gaba. Sannan hannunka ya daina kyau: abin da kake gamawa kafin Azahar yanzu har Magariba kana kansa, kana gyara kuskure kana haifar da wani. A gida za a ce ka canza, ka zama mai saurin fushi, ba ka zuwa suna ba ka zuwa jana'iza. Wata gwaggo za ta ce sammu ne, wani kawu ya ce iska ce. A yi addu'a, babu laifi, amma a haɗa da barci da ganin likita. Akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ake sha don a kore barcin. Daga shayi mai kauri a koma lemon ƙara kuzari, gwangwani biyu uku a dare, daga nan wani aboki ya miƙo ƙwaya ya ce wannan tana sa kai ya buɗe. Kano ta san inda wannan hanya take ɓullewa. Mun ga abin da rahoton BBC na 2018 ya bankaɗo a kan maganin tari mai kodin, har gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi, kuma a garin nan aka ɗauki wani ɓangare na hotunan. Duk aikin da ba zai yiwu ba sai da ƙwaya, ya fi ƙarfin albashinsa, ko da dala ake biya.

Wasu ƙasashe sun riga mu shan wannan ɗaci. A Japan wata budurwa mai shekara 24, Matsuri Takahashi, ma'aikaciyar kamfanin talla na Dentsu, ta kashe kanta a Disambar 2015 bayan ƙarin aiki na sama da awa 100 a wata, lamarin da ya taimaka wajen kafa dokar ƙayyade ƙarin lokaci a 2018. A Sin masu rubuta manhaja suka yi bore a 2019 kan tsarin da ake kira 996, wato tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. Attajiri Jack Ma ya ce ai wannan tsari albarka ce, amma a Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka. Faransa kuwa tun 1 ga Janairu, 2017 ta ba ma'aikatan manyan kamfanoni 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi.

Mu fa? A nan nake so ku buɗe kunne. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce mai aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun awa guda, yana da kwana guda a cikin kowane bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida bayan wata goma sha biyu. Amma dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru daga waɗanda take kira ma'aikata. Ma'ana, leburan da ke ɗaukar fata a Challawa doka ta san da zamansa, injiniyan da ke kula da kwamfutocin masana'antar kuwa takardar yarjejeniyarsa ce garkuwarsa. In rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano, takardar za a fara tambaya. Mafi yawanku kuwa ko ba ku da ita, ko kun sa hannu ba ku karanta ba saboda murna.

Saboda haka kafin ku karɓi aiki, ku tambaya a rubuta: ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, wa ke jiran kiran gaggawa da dare, sau nawa a wata, kuma da me ake biyansa, kuɗin obataim ko hutun ramuwa. Tambayar ba rashin kunya ba ce. Bature ma ya fi girmama wanda ya faɗa masa tun farko cewa daga ƙarfe kaza ba a samunsa, da lokacin sallar Juma'a, da yadda aikinsa zai kasance a watan azumi. In ku biyu ne ko uku a sashe, ku raba daren a tsakaninku, kuma kowa ya rubuta yadda yake gudanar da aikinsa ya ajiye inda ɗan'uwansa zai gani. Na san dabarar da wasu ke yi, su ɓoye sirrin na'ura don kada a iya korarsu. Wanda ya yi haka ya sayi tsaron kujera da hutunsa, domin ko ranar ɗaurin aurensa shi za a kira.

Gida ma yana da nasa kason. Da an ji yaro yana karɓar dala shi ke nan, kuɗin makarantar ƙanne, takin gonar Baba a Bunkure, kayan ɗakin 'yar gwaggo, duk a kansa. Taimakon dangi wajibi ne, ba ni da ja. Amma ku ware abin da za ku iya a wata, ku faɗa da ladabi, kada ku karɓi aiki na uku don a ce muku ɗan albarka. Ku kuma 'yan mata da matan aure da ke cikin sana'ar nan, naku ya ninka, don kun tashi daga kwamfuta tukunya na jira. Ku zauna da maigida ko da Inna a yi maganar a fili. Mai aiki daga ɗaki aiki take yi, ba zaman banza ba, ko da maƙwabta sun ɗauka kallon fim take.

Kun san labarin Salmanul Farisi da ya kwana a gidan Abu Darda'i, Allah Ya ƙara musu yarda, ya tarar ɗan'uwansa ya ƙaurace wa abinci da barci da iyali saboda ibada. Ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In an hana mutum kashe kansa da nafila, ina ga manhajar wani kamfani?

Wasunku nan da 'yan shekaru za su zama iyayen gida, su buɗe nasu kamfanin, su ɗauki yaran da ake yayewa daga Jami'ar Bayero da ta Wudil da shirin 3MTT da gwamnati ta ƙaddamar a 2023. Ranar da kuka hau wannan kujera, kada ku rama abin da aka yi muku a kan 'ya'yan mutane. In abokin ciniki ya ce yana son aikin wata guda a mako ɗaya, ku ne za ku ce masa ba zai yiwu ba, ba yaron da ke ƙasa ba.

Roƙona gare ku a wannan makon abu biyu ne. Ku shiga kemis ko asibitin unguwa a auna jininku, ko da kuna jin garau. Sannan ku ciro takardar aikinku ku karanta ta daga farko har ƙarshe. Wanda ba shi da ita, ya je wurin maigidansa ranar Litinin ya nema.

Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya ba ku lafiyar cin moriyarta.

Wassalam.

Naku,
Yayanku a sana'a,
Kumbotso.