Yadda Ake Rubuta Hash Mai Sauri a Harshen C

Duk wanda zai gina teburin hash da hannunsa yana buƙatar ɗan shirin da zai karɓi kalma ko jerin bayit, ya mayar da lamba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ba sirri ake nema a nan ba. An gina SHA-256 da ire-irensa ne don kada wani ya iya ƙirƙiro saƙonni biyu masu lamba ɗaya, kuma wannan tsaro yana cin lokaci. Teburi kuwa sauri yake so, da raba mabuɗai cikin gurabe ba tare da cunkoso ba. Don koyo na fi son FNV-1a, wanda tushensa ya faro a 1991, sunansa kuma daga Glenn Fowler da Landon Curt Noll da Kiem-Phong Vo. Layi biyu ne zuciyarsa, amma kusan duk tarkon C na cikinsu.

Mataki na 1: Zaɓi nau'in lamba. Shigo da `stdint.h` da `stddef.h`, ka yi amfani da `uint32_t`. Kada ka taɓa `int`. Ninkawar da za a yi sai ta wuce abin da bit 32 zai iya ɗauka, kuma da gangan ne. A lamba marar alamar ragi, ƙa'idar C ta ce a zubar da rarar da ke sama. A `int` kuwa ƙa'idar ba ta yi alkawarin komai ba, GCC ko Clang na iya yin abin da suka ga dama.

Mataki na 2: Kafa lambobi biyu. Ta farawa ita ce 2166136261, ta ninkawa kuma 16777619, wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Kwafe su daidai, kada ka yi gwanintar sauyawa.

Mataki na 3: Rubuta zagayen.

```c
uint32_t fnv1a(const void *bayani, size_t tsawo)
{
    const unsigned char *p = bayani;
    uint32_t h = 2166136261u;
    for (size_t i = 0; i < tsawo; i++) {
        h ^= p[i];
        h *= 16777619u;
    }
    return h;
}
```

Jerin layukan nan biyu yana da muhimmanci. Tsohon FNV-1 yakan fara ninkawa sannan ya yi XOR, don haka bayit na ƙarshe ba ya taɓa komai sai bit 8 na ƙasa. Kalmomi kamar "gida" da "gidi" sai su fito da lambobi maƙwabtan juna. FNV-1a ya juya su, yadda harafin ƙarshe ma sai ya bi ta ninkawa ya bazu.

Mataki na 4: Kula da `unsigned char`. A nan mai rubutu da Hausa ya fi Bature haɗarin faɗawa rami. Haruffan Turanci duka suna ƙasa da 128, saboda haka ko da `char` aka rubuta, gwaji da su zai wuce lami lafiya. Amma ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99, ɗ kuma C9 da 97. A kwamfutoci masu x86, `char` yana ɗaukar alamar ragi, sai C6 ya zama -58. Idan aka faɗaɗa shi zuwa bit 32 ya koma FFFFFFC6, XOR ya birkita bit 24 na sama. A Linux kan ARM kuwa `char` ba ya ɗaukar alamar. Ke nan kalmar "ƙasa" za ta ba ka lamba ɗaya a kwamfutar ofis, ta ba ka wata a Raspberry Pi, ba tare da wani gargaɗi ba. Idan ka adana lambobin a fayil don wata na'ura ta karanta, ka shuka wa kanka ƙaya.

Mataki na 5: Gwada da amsoshin da aka sani. Harhaɗa da `gcc -O2 -Wall -Wextra`. Idan tsawo sifili ne, dole ka samu 811C9DC5, wato lambar farawa. Harafin "a" shi kaɗai yana ba da E40C292C, "foobar" kuma BF9CF968. Sannan ka ƙara kalma mai ƙ ko ɓ, ka gwada ta a na'urori biyu.

Mataki na 6: Mayar da lambar zuwa gurbi. Hanya mafi sauƙi ita ce `h % n`, inda `n` shi ne yawan gurabe, sai dai rabawa tana da nauyi. Shi ya sa ake sa yawan gurabe ya zama 1024 ko 65536, a rubuta `h & (n - 1)`. Amma wannan bit na ƙasa kawai yake ɗauka, alhali ninkawa sama take tura tasiri, ba ta dawo da shi ƙasa. Bit mafi ƙanƙanta na sakamakon bai san komai ba sai bit mafi ƙanƙanta na kowane bayit. Maganin shi ne a naɗo sama a haɗa da ƙasa kafin a yanka: `h ^= h >> 16`.

Karo kuwa ba makawa. Da bit 32, mabuɗai kimanin 77,000 sun isa yiwuwar samun biyu masu lamba ɗaya ta kai rabi. Teburinka dole ya kwatanta ainihin mabuɗan bayan lambobi sun zo ɗaya. Idan bayanan suna da yawa, koma `uint64_t` da 14695981039346656037 da 1099511628211. Zagayen bai sauya ba.

Mataki na 7: Auna, ka san inda zai gaza. Wajen auna sauri ka tara sakamakon ka buga shi a ƙarshe, in ba haka ba GCC zai ga ba a amfani da shi, ya share zagayen gaba ɗaya, ka yi ta murnar banza. Za ka ga FNV-1a yana tashi a kan gajerun kalmomi, ya yi ja da baya a kan manyan fayiloli, domin bayit ɗaya yake ci, kuma kowace ninkawa sai ta jira ta gabanta. MurmurHash na Austin Appleby, wanda ya fito a 2008, bayit huɗu yake ɗauka lokaci guda. xxHash na Yann Collet, na 2012, yana tafiyar da lissafi huɗu kafaɗa da kafaɗa. Idan za ka bi wannan hanya, ka ɗebo bayit ɗin da `memcpy`, kada ka tilasta manuni ya zama `uint32_t *`, domin adireshin ba lallai ya daidaita ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ke turo mabuɗan. A taron 28C3 na 2011, Alexander Klink da Julian Wälde sun nuna yadda za a durƙusar da sabar intanet da mabuɗan da aka shirya su faɗa gurbi ɗaya. Bayan haka Jean-Philippe Aumasson da Daniel Bernstein suka fitar da SipHash a 2012, Python ya karɓe shi a sigar 3.4. Idan baƙi ne daga intanet ke cika teburinka, yi amfani da SipHash da mabuɗin sirri. Kalmar sirri ta masu amfani kuwa, kada FNV ya kusance ta. Wannan aikin Argon2 ne ko bcrypt.