Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Zuciyar Masu Jego

Wata uwargida daga Funtuwa na tambaya: shin akwai likitanmu da ya yi bincike kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa?

To uwargida, akwai Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shi ya jagoranci binciken da ya haɗa asibitoci da dama a Najeriya, ya kuma yi aiki tare da masanan Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin. Sun gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin yawancin masu ciwon.

Alamomin ciwon zuciyar masu jego su ne haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya rigingine. Da an ga haka, a garzaya asibiti.