Madobiya da Aku: Ɗan Kwatanci

A layinmu na Barkin Sale, nan Minna, akwai wani kafinta da ke rataye kejin aku a bakin shagonsa, ƙarƙashin kejin kuma ga katakon madobiya a jingine. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kwatanta mana su biyun.

Mu fara da rabe-rabe. Masana kimiyya kan ba kowace halitta suna biyu, na zuriya da na kanta, kamar dai a ce Musa Kagara amma a juya. Madobiya ita ce Pterocarpus erinaceus, kuma danginta ɗaya da wake da gyaɗa, duk girman nan nata. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta ɗa mai fiffike, saboda siffar 'ya'yanta. Ashe ita ma bishiyar tana da nata fiffiken! Aku kuwa, mai ruwan toka da jar wutsiya, shi ne Psittacus erithacus. A nahawunmu madobiya tamace, aku namiji.

Ta fuskar mazauni sun yi hannun riga. Madobiya 'yar dajinmu ce, tana jure fari, kuma da ganyenta Fulani ke rufa wa shanu asiri da rani. Aku ɗan kurmi ne, daga kudancin ƙasar nan har Kamaru da Kwango, kuma a kogon manyan itatuwa yake ƙwai. Mu a keji muka san shi, sai kuma a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta jihar nan a 1911.

Inda suka haɗu shi ne kasuwa. Bakin aku ya ja masa, kyan katako ya ja wa madobiya, ana ta lodinta zuwa Sin don yin kujeru. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesburg aka sa aku a rukuni na ɗaya, wato an hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, madobiya kuma a na biyu, sai da izini. A 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

Na tambayi 'yan ajinmu goma ko sun san madobiya. Biyu kaɗai suka amsa, ɗayansu ma ya ɗauka sunan gari ne. Aku kuwa kowa ya san shi.